Rasuwar Uwar Sauro da Rahoton da Ba Za Mu Janye Ba

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ɗaukacin malamai, masu bincike da ma'aikatan Cibiyar Binciken Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta wannan jami'a suna sanar da jama'a cewa sun samu labarin rasuwar Shugabarsu, malamarsu kuma uwarsu, mai girma Farfesa, wadda kowa, tun daga Shugaban Jami'a har maigadi, ya fi sani da Uwar Sauro. Ta rasu ranar Talata da hantsi a asibitin koyarwa, bayan gajeruwar jinya ta ciwon zuciya, tana da shekara sittin da huɗu. Mun ambaci ciwon da gangan, domin masu yawo da maganar wai sauron da take kiwo ne ya gama da ita su huta da wahalar da bakinsu.

Shekara talatin da ɗaya marigayiya ta yi a ɗakin nan na ƙarshen baranda, mai ƙofa biyu da warin danshi, tana kiwon sauro a keji domin gano abin da ke kashe shi kafin ya kashe 'ya'yan mutane da zazzaɓi. Ta yaye masu digirin digirgir goma sha bakwai, ta zagaya ƙauyukan da mota ba ta shiga sai da turi, amma duk da haka mahaifiyarta, Allah ya ƙara mata lafiya, har bara tana tambayar yaushe yarinyar nan za ta samu aikin kirki.

Duk wanda ya zauna a gabanta ya san dokarta guda ɗaya. In ana gwajin gidan sauro mai magani, akan ɗora sauro a jikinsa na minti uku, a mayar da su cikin kofi, bayan awa ɗaya sai a ga sun zube, ƙafafu a sama. Sabon ɗalibi sai ya zaro biro zai rubuta sun mutu, ita kuwa sai ta dafe littafin ta ce, "Kai, wa ya ce maka sun mutu? Suma suka yi. Ka sa musu ruwan sukari a auduga, ka tafi gida, gobe war haka ka zo mu ƙirga." Mai sa hannu a wannan sanarwa ya sha wannan faɗan a makonsa na farko, kuma har yau kunnensa bai manta ba.

Wannan dokar ce ta jawo mata maƙiya. Da ta gwada gidajen sauron da aka raba wa ƙauyuka goma sha ɗaya, sai ta tarar cikin kowane sauro ɗari da suka zube, sittin da biyu sun miƙe washegari suna neman jini. Kamfanin da ya kawo kayan kuwa ƙirgen awa ɗaya ya yi, ya buga hatimi. Iyaye mata suna kwantar da jarirai a ƙarƙashin gidan sauron da suka amince da shi, da safe kuma suna layi a ƙaramin asibiti da jikin yaro kamar garwashi. Farfesa ta rubuta rahoto. An aiko mata da wasiƙu, an aiko da manya masu taushin murya, ana roƙon ta goge "maganin ba ya kashewa" ta rubuta "ana ci gaba da bincike". Ta ƙi, kuma a kan wannan ƙin Allah ya karɓi ranta.

Muna baƙin cikin sanar da jama'a cewa ranar Laraba, ƙasar kabarinta ba ta ko bushe ba, wasu mutum biyu suka je gidanta cikin mota mai baƙin gilashi, suka yi gaisuwa a gurguje, sannan suka nemi a ba su littattafan gwajinta, wai domin a adana. Maigidanta, dattijo, malamin lissafi mai ritaya, ya dube su ya ce, "Ni ban san kan sauro ba, amma na san ƙirge. Ku biyu kuka shigo, ku biyu za ku fita, ba ƙari." Muna jinjina masa, kuma mun ji kunya da ya riga mu magana.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, 'ya'yanta uku, jikokinta biyar, ƙanwarta da ta yi jinyarta, da mahaifiyarta da Allah ya nufa ta ga wannan rana. Allah ya ba su haƙuri da juriya, ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa kowane yaro da aikinta ya tsirar ya zama shaida a gare ta.

Ga masu neman littattafan kuwa, Cibiya tana sanar da su cewa ba za ta janye rahoton ba, ba za ta sauya ko harafi ɗaya ba. Tun ranar Alhamis muka karɓo littattafan daga hannun maigidanta, muka kwafe shafi dubu ɗaya da ɗari huɗu na rubutun hannunta, muka aika wa jami'o'i arba'in, da shugabannin ƙauyukan nan goma sha ɗaya. Ba sai kun sake damun gidan makoki ba. Mun ware muku naku kwafin, ku zo ku karɓa, muna buɗe ofis ƙarfe takwas.

Sa hannu:
Babban Mai Kula da Ɗakin Gwaji,
Mai Magana da Yawun Ma'aikatan Cibiya,
a madadin ɗaukacin ɗaliban marigayiya.