Ni ce na ɗauki gashin Inna daga tsagar bango

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku zage ni sai kun kai ƙarshe. Ni 'yar kolej ce a Madawa, ban iya magana gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Da na iso ƙauyenmu hutun bana, can wajen Karofane, abin da na fara gani shi ne jan takalmin fata irin na Buzaye a ƙofar ɗakin kakata, Inna. Mai takalmin wata tsohuwa ce daga arewacin Keita, ta ce a wata shekarar yunwa an bar ƙanwarta jinjira hannun wasu manoma, kuma wai Inna ce. Inna ta dama mata hura, ta ce, "Sha ki tahi, baiwar Allah. Ni Ba'adara ce, 'yar ƙasar nan gaba da baya." Amma ni na lura ƙaramin yatsansu a lanƙwashe yake iri ɗaya. Me ya kai ni faɗa wa Kawu?

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, yana aikin awon jini a Yamai, shi ma ya zo gida a lokacin. Ya ce a Faransa akwai awon da ake kira ADN, da gashi mai saiwa ake gane ko mutum biyu jini ɗaya ne. Tsohuwar ta yarda ya ɗebi nata. Inna kuwa cewa ta yi, "Wanda duk ya tona asalina, kabarina yake gina." Ta san abin da za a faɗa a bakin rijiya, domin dangin tsohuwar bayi ne a da, kuma a nan ba a manta irin wannan. Sai Kawu ya ja ni bayan rumbu, ya ce, "Ke da ba abin da ke wuce miki, ina take aje gashinta in an yi mata kitso?" Na sani. Takan dunƙule shi ta cusa a tsagar bango bayan randa, don kada maƙiyi ya samu ya yi mata sammu. Na ɗauko na ba shi, har ina jin daɗi wai an sa ni cikin aikin ilimi.

Ashe tana duba wurin. Tun ranar da ta tura yatsa ta ji wayam, Inna ta daina cin tuwo, ta ce tururuwa na yawo cikin kanta, yanzu sai an tashe ta zaune. Wadda ta zarga ita ce Saratu, maƙwabciyarmu Kirista mai aiki a asibitin mishan, wadda ke yi mata kitso tun kafin a haife ni. Saratu ta durƙusa a tsakar gida tana kuka: "Ni, Inna? Ni da nake wanke miki kai kamar uwata?" Mata sun daina amsa gaisuwarta, an fasa mata tulu a rijiya. Da ta tare ni ta ce, "Ɗiyata, ke mai ido ce, ba ki ga kowa ya shiga ɗakin ba?" na sunkuyar da kai na ce a'a. Wace irin yarinya ce ni? Inna kuma ta ce daga hannuna kaɗai za ta sha ruwa, don ni ce ba ni da mugun nufi.

Yanzu Baba, mahaifina, ya aika a kira mai duba daga Buza, zai zo ranar kasuwa. Na ji samari suna cewa in ya nuna Saratu, ba za ta sake kwana ƙarƙashin rufinta ba. Wa zai nuna in ba wadda gari ya riga ya nuna ba?

Da Kawu ya dawo duba jikin Inna, na roƙe shi ya maido gashin. Ya ce abokinsa ya wuce da shi Faransa. Na ce to don girman Allah ya faɗi gaskiya da bakinsa kafin mai duban ya iso. Ya ce in kama bakina har sakamako ya dawo, domin in Inna ta ji ɗanta da jikarta ne suka tona ta, baƙin ciki zai ƙarasa ta.

Ranar kasuwa ta matso, Saratu kuma ko jiya ta aiko wa Inna kunu, aka zubar. Jama'a, me zan yi?