Taliyar Tsawon Rai

Yaya Luningning,

"Ƙwayar alkama ba za ta shiga bakin Marikit ba." Alkawarinki ke nan a filin jirgin Manila, kina riƙe da hannun 'yata.

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau a Milan, tsohon da nake jinya ya rage dukana.

An ce ranar zagayowar haihuwar Marikit kin ba ta taliyar alkama, wai ta tsawon rai. Gudawa da ƙarin ruwa a asibiti ne tsawon ran? A gabanki likita ya ce alkama na cin hanjinta. Taliyar shinkafa ta ƙare a kasuwa ne?

Ki miƙa ta ga Goggo Pilar kafin Kirsimeti. In ba haka ba zan ajiye aikin nan in zo in ɗauke ta, kuɗin maganin Inna da nake aikowa kuma ya koma wuyanki.

Ƙanwarki,
Dalisay