Kada Magariba Ta Yi Mini a Sabon Gari

Kwaciri, Fagge, Kano.

Zuwa ga Yaya Abdulƙahhar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, horon sojan kuma bai ƙarasa ramar da kai ba. Allah ya ba ku juriya, ya sa a gama lafiya. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma rumfarsa a kasuwar Singa. Inna kuwa har yau tana auna shinkafa da kai, sai an sauke ta tuna ba ka nan. Tunda waya sai ran Lahadi ake ba ku, kuma Inna ke cinye lokacin da addu'a, na ba Toma direba wannan ya kawo maka.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba, kuma katinka ne sila. Tun da ka koya mini wasan katin nan da ake tarawa, duk Asabar ina shagon Harrison a Sabon Gari da dek ɗin nan, wato ƙunshin katin da kake wasa da shi, wanda ka bar mini amana. Baba da kansa ya je ya kalla, ya tabbatar ba caca ba ce, ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: kada magariba ta yi mini a waje. To ba a fara wasa sai bayan la'asar, dek ɗinka kuwa halinka ya ɗauko sak, ba ya gaggawa. Ya tare nan, ya toshe can, sai abokin wasa ya gaji don kansa. Asabar ɗin da ta wuce na kai wasan ƙarshe da Vanessa, 'yar mai kemis ɗin nan. Na matse ta, saura ƙiris, sai na ga rana ta yi ja a gilashin shagon. Haka na tattara katina na bar mata wasan. Ita ma ba ta ji daɗi ba, ta ce ba irin cin da take so ke nan ba. Duk da haka cunkoson Titin Ibrahim Taiwo ya riƙe mu, aka kira salla ina cikin adaidaita. Baba bai yi faɗa ba, ka san shi, cewa kawai ya yi in aka sake na gama zuwa. Wallahi kuka na yi. Ga wasa na bayar, ga magariba ta kama ni.

Shi ne na zauna na tsara dek mai sauri, wanda kati uku ne ransa. Maƙeri yana rage tsadar duk katin da zan jefa. Rijiya tana ba ni in ja sabo duk sanda na jefa ɗaya. Mikiya kuma tana sukar abokin wasa daidai yawan katin da na jefa a zagayen. In ukun nan suka haɗu, sai in yi ta jefawa ina ja har wasa ya ƙare, mutum bai gama gyara zama ba. Sauran katin duk aikinsu su nemo mini waɗannan, garkuwa da masu tsaro kuwa na watsar da su gaba ɗaya. Kwalin sabulu na yayyanka na rubuta sunayen, nake gwadawa ni kaɗai a tsakar gida, har autarmu Ikhlas ta kai ƙara wurin Inna wai na fara hira da kwali. Yawanci a zagaye na huɗu nake gamawa. Wani sa'in kuma haɗin ya ƙi zuwa, in zauna ba abin kare kai, a yi mini kaca-kaca. Harrison ya duba ya ce wannan dek ɗin marasa haƙuri ne, na ce ai ga mai shi a gabansa.

Ga inda maganar ta tsaya. Maƙeri ina da shi. Rijiyoyin suna cikin dek ɗinka, in na zare su ya rushe. Mikiya kuwa Vanessa kaɗai na sani da ita, kuma ta ce ba ta sayarwa, sai musaya da katin nan naka na Giwa mai ƙyalli. Na san ita ka ciyo a gasarka ta farko, na sha ganin kana goge ledarta da bakin riga. Rijiya ana iya mayar da ita ko yaushe, amma Giwa in ta tafi ta tafi. Shi ya sa ban taɓa komai ba. Sai dai in buɗe kwalin, in kalle ta, in rufe, anjima in sake buɗewa.

Asabar ta sama za a yi babbar gasa a shagon Harrison. Don Allah ran Lahadi, kafin Inna ta karɓe wayar, ka ce mini e ko a'a. In a'a ce zan yi fushi, ba zan ɓoye maka ba, amma na kwana biyu ne. Sai dai ba zan shiga gasar ba, don ba zan sake tashi a kan wasan da nake ci ba. In e ce, ban yi maka alkawarin kofi ba. Dek ɗin nan ko ya ci da wuri ko a cinye shi da wuri. Ko wanne ne, ladan zai kira ina gida, wata Asabar kuma in koma.

Baba da Inna suna sa maka albarka, Ikhlas tana gaishe ka. Ka gai da Kawu Khalifa da Anti Jawahir in sun kawo maka ziyara. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai jiran Lahadi,
Zara