Ƙoren Maryama

Tambuwal, 3 ga Oktoba, 1978

Zuwa ga taubashiyata Malama Ummulkulsum, ungozomar Kebbe,

Gaisuwa mai yawa, da jajen ambaliya. Allah ya mayar da alheri.

Bayan haka, likitan ƙwaƙwalwa na Sakkwato ya ba ni tambayoyi ashirin na Turanci, waɗanda ake gano ciwon damuwa da su. Na mayar da su Hausa, wani malami ya sake mayar da tawa Turanci, aka ga ko wasali bai kauce ba. Saura gwaji. Ni ba ni shiga cikin gida, don haka ki karanta wa mata talatin da ruwa ya ci gidajensu. Wadda takarda ta nuna, ita za a yi wa magani. Ki aiko ta hannun Ɗanmaliki direba.

Ki huta lafiya.
Mahmuda, ma'aikacin lafiya

Kebbe, 12 ga Oktoba

Mahmuda mai biro uku a aljihu,

Muna amsawa. Hausarka ta yi kyau kamar ta rediyo, kuma ta ce matan Kebbe lafiyarsu lau, ban da biyu. Ni dai ban yarda ba.

Akwai Maryama matar Jumare, a ruga bayan gulbi. Ruwa ya tafi da ɗanta na fari, mai shekara tara. Na karanta mata tambaya ta bakwai, ko tana yawan kuka. Ta ce, "A kan mi, Malama?" Ka manta Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yi kukansa gaban mutane? Duk ashirin ɗin ta ce a'a, sai godiyar Allah.

Amma na leƙa bukkarta. Ƙorenta na aure, waɗanda take gogewa su yi fari tas, babu ko ɗaya. Ta rabar wa maƙwabta, har ni ta miƙo wa wata 'yar ƙarama. Kasuwa shida ba ta kawo nono ba, kanta a tsefe. Macen da ta rabar da ƙorenta ba ta sa ran ganin kaka ba ne. Wallahi tsoro nika ji.

Taka,
Ummulkulsum

Tambuwal, 16 ga Oktoba

Malama,

Bayan gaisuwa. An gwada tambayoyin nan a ƙasashe da yawa, ba a taɓa su don ƙwarya. Aikinki karantawa ne. Likita zai zo ranar Litinin mai zuwa.

Mahmuda

Kebbe, 20 ga Oktoba

Taubashina,

Allah ya huci zuciyar Bature. Ban taɓa maka ko ɗigo ba. Na dai sake zagaya gidajen talatin da tambayoyina uku: Yaushe rabonki da kitso? Barkar wa kika je tun bayan ruwa? Me kika bayar cikin kayan ɗakinki? Waɗannan ba wadda za ta ji kunyar amsawa, ba kuma wadda za ta ga kamar tana ƙarar Ubangijinta. Na samu mata goma, Maryama ce kan gaba. Ga sunayen a rufe. Ka ce wa likita ya duba duka talatin kafin ya buɗe tawa ko taka. Ba gwaji kuke so ba?

A gai da uwargida Hindatu da yara.
Ummulkulsum

Tambuwal, 26 ga Oktoba

Zuwa ga Malamata,

Gaisuwa da ban girma, hula a hannu. Likita ya yi yadda kika ce. Ya samu sha ɗaya masu ciwon. Takardata ta kama biyu, taki ta kama goma, duk suna cikin nasa. Ya ce Maryama ba ta jiran wani mako, ya fara mata magani nan take, kuma zai dawo.

Na ji kunya, Malama. Mako uku ina zaɓen kalmomi, ke kuwa ido kika ɗaga kika dubi inda ake jera ƙore. Ashe labarin zuciya a tambayi fuska. Da maganata aka bi, da an wuce matar nan da shaidar lafiya lau, da sa hannuna a ƙasa. Za a ƙara tambayoyinki a sake gwadawa a Sanyinna da Dogon Daji. Ban taɓa alfahari da ɗan'uwa kamar yadda nake yi da ke yau ba.

Yaya jikinta?

Ɗalibinki,
Mahmuda

Kebbe, 30 ga Nuwamba

Mahmuda,

Lafiya lau. Jiya Maryama ta zo da nono, an yi mata kitso. Ta ce, "Malama, 'yar ƙwaryar nan da ni ba ki, ki maido mini. Da ita wancan ka shan fura." Na ɗauko mata, na saki labule. Ta rungume ta, ta yi ta kuka har la'asar.

Ka ɗauko takardarta, tambaya ta bakwai, ka gyara. Yanzu amsar i ce.

Taka,
Ummulkulsum