Ƙurar Kafinta da Tagar Kicin

Litinin, 3 ga Yuni
Yau bakina har kunne! Ƙanwata ta aro mini na'urar auna iska daga makarantarsu, ƴar ƙarama kamar sabulun wanka. Kafintan da ke ƙasan benenmu kashinsa ya bushe. Tun da ya buɗe shago ƴata Auta take tari, ƙirjinta yana kuka kamar usur, har asibiti mun kwana. Mai gidan hayarmu ya ce in kawo shaida kafin ya tashe shi. To, ga shaida ta zo.

Talata, 4 ga Yuni
Lamba biyu take nunawa: ta sama ta manyan ƙwayoyin ƙura ce, ta ƙasa ta ƙanana. Ƙanwata ta tsige gashi ɗaya a kaina, ƴar banza, da zafi. Ta ce, "Yaya, ƙananan nan sai kin jera wajen talatin kafin su kai kaurin wannan. Manyan hanci yana tare su, ƙananan su ne masu zarcewa cikin huhu." Na ce na ji malama, ba ni abata.

Laraba, 5 ga Yuni
Na tsaya ƙofar shagon kafintan yana cikin goge katako. Lambar sama ta yi tsalle! Har rawa na taka a matakala. Ta ƙasa kaɗan ta motsa, amma wa ya tambaye ta. Shi kuma sai washe baki yake: "Maman Auta, ya mai jiki?" Ko kallo bai ishe ni ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Abin ya zame mini jaraba. Na auna falo, na auna tasha. Bayan wata tsohuwar bas lambar ƙasa ta koma ja, na yi ihu har kwandasta ya waigo. Baban Auta ya ce saura in auna numfashinsa.

Asabar, 8 ga Yuni
Na ajiye na'urar a kan kantar kicin ina suya a kan risho, Auta tana zaune gefen ƙafata kamar kullum. Da na waiga, lambar ƙasa ja wur, ta zarce ta bayan bas. Na kira ƙanwata. "Yaya, buɗe taga mana." Tagar da na sa aka kafe da ƙusa, na cusa tsumma a kowace kafa, don kada ƙurar mutumin ta shigo? Na ce na'urarku ce ta lalace.

Lahadi, 9 ga Yuni
Na sake gwadawa. Ba ta lalace ba. 

Talata, 11 ga Yuni
Baban Auta ya yi ta fama da ƙusoshin, sun ƙi fita. Dole na sauka wurin kafintan. Ya hawo da kayan aikinsa, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, bai tambayi wanda ya kafe ba. Ya ce zai riƙa yin guga ta ƙofar baya. Ruwa kawai na ba shi, ai zafi ake yi. Auta yanzu falo take zama idan ina girki, tana ta mita, amma yau ta haye benen nan a guje ba ta tsaya riƙe ƙirji ba.

Mai gidan haya ya tare ni a ƙofa, wai ina shaida. Na ce masa shagon ai ba ya damun kowa.