Jirgin da Ya Fasa Sauka

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar taki? Ina fata kina shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba. A gaishe min da Kawu da iyalinsa.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, domin a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Da na ce Auta sai ki hau salati, sauran maganar ta bi iska.

To, na cika umarninki. Na iso makarantar koyon tuƙin jirgin sama jiya da la'asar, na tarar da autarki zaune a bakin gado, akwatinta a rufe, fararen rigunan makarantar a ninke kan kujera. Ta rame, amma lafiyarta ƙalau. Ba hatsari ta yi ba, ba kuma korar ta aka yi ba. Sai da na yi da gaske kafin ta buɗe baki.

Ranar da aka sake ta ta tashi ita kaɗai a ƙaramin jirgi, babu malami a gefenta, ta zo sauka sai ta ga jirgin bai daidaita da titin saukar ba. Ta ƙara wuta ta koma sama. Ta zagayo, ta sake fasawa, sai daga baya ta sauka lafiya lau. Malaminta ya ce daidai ta yi. Amma 'yan ajinsu suna tsaye suna kallo, kuma tun daga ranar suka laƙaba mata Shirwa, wai shawagi kawai ta iya. Har mai gadin ƙofa da sunan yake kiran ta, shi a zatonsa yabo ne.

Kin dai san halinta, yarinyar da tun tana firamare idan ta zo ta biyu sai ta ƙi cin abinci. Ta ce malamin tausayinta ya ji, ita ta san ba ta da hannun aikin, gara ta bari tun ba ta ɗauki rayukan mutane ba. Na je na ga shugaban sashensu, ya ce za su riƙe mata gurbinta zuwa ƙarshen wata, daga nan sai a ba wani.

Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji, kuma na san ke ma haka. Tun da ta fara karatun nan hankalinmu bai kwanta ba. Gobe za mu biyo jirgi zuwa wajena, don ta roƙi ta ɗan huta a gidana kafin ta zo ta haɗa ido da ke. Ki sa mu a addu'a. Kin san ni da jirgi, zuwan nan ma idona a rufe na yi shi.

Ki huta lafiya.

'Yarki mai surutu,
Yayar Auta

* * *

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Mun iso lafiya, jikokinki na gaishe ki, babansu ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Ki nemi wuri ki zauna, ki sa tabarau, don takardar yau doguwa ce.

Kujerunmu a gaba suke, dab da ƙofar ɗakin matuƙa. Auta ce a jikin taga, amma tana zama ta ja marfin tagar ta rufe, wai ba ta son ganin komai. Sai dai idonta bai bar ƙofar nan ba. Da muka daidaita a sama, ta raɗa min cewa ba ta taɓa ganin ɗakin matuƙan babban jirgi ana cikin tafiya ba, tana so ta leƙa ko sau ɗaya ne, ta ga abin da ta bari, shi ke nan ta yi sallama da shi. Na ce to ki tambaya mana, ai ba a dukan mutum don ya yi tambaya.

Ta tsayar da wata ma'aikaciyar jirgin, doguwa mai wushirya, ta roƙe ta murya ƙasa-ƙasa. Matar ta ce ta yi haƙuri, ba zai yiwu ba. Ƙofar nan a kulle take tun daga tashi har a kashe inji, doka ce, ko ɗan cikin kyaftin ne, wato babban matuƙin, sai ya jira. Auta ta ce ba komai, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa, Umma, sai abin ya taso min. Na ce ƙanwata ɗalibar tuƙi ce, ba ɓarauniya ba, leƙawa kawai za ta yi, ba jirgin za ta sa a jaka ba. Auta tana mintsinina, ni ina ƙara murya. Wani dattijo a bayanmu har ya sauke jaridarsa yana kallo.

Wallahi matar nan ta burge ni. Ko fuska ba ta canza ba. Ta durƙusa a gefen kujerata, ta ce kullewar nan domin mu duka ake yi, har da ni mai faɗan, amma za ta kira kyaftin ta wayarsu ta cikin jirgi ta gaya masa. Ba a daɗe ba ta dawo ta ce kyaftin ya ce idan an sauka kada mu tashi, mu bari kowa ya fita. Sai na koma ina yi mata godiya har tana dariya.

Muna dab da isowa hadari ya haɗu. Jirgi ya fara girgiza, ruwa na dukan taga. Muna ta gangarowa har na hango rufin gidaje da ciyawar gefen titin jirgin, na ce alhamdulillahi, an gama. Kawai sai inji ya yi wata irin ƙara, bayana ya manne da kujera, muka miƙe sama kuma. Jirgi ya ɗauki salati da ihu, wani yaro ya tsala kuka, ni kuwa na tuna ban bar wa tagwayena ko wasiyya ba.

Na juya in rungume Auta, sai na ga ashe tuni ta ɗage marfin taga, hancinta a jikin gilashi. Ko gezau. Ta kama hannuna ta ce iska ce ta bugo mu daga gefe, matuƙin ya fasa sauka ne da gangan, ba lalacewa aka yi ba. Ta ce yanzu zan ji wani gurnani a ƙarƙashinmu, tayoyi ne ke komawa ciki. Ba ta rufe baki ba na ji shi. Ta ce za mu karkata mu zagayo, sai ga mu mun karkata. Wata tsohuwa a ɗaya gefen tana rawar jiki, Auta ta miƙa hannu ta dafa ta, tana yi mata bayani a hankali har ta natsu. Na riƙa kallon ta ina cewa a raina, yanzu wannan ce yarinyar da na goya?

Can muryar kyaftin ta fito daga lasifika, a natse, kamar mai sanar da cewa an gama abinci. Ya ce yanayin iskar bai yi musu ba, za su zagayo su sake gwadawa. Da muka sauka a karo na biyu, ban ma san tayoyi sun taɓa ƙasa ba sai da na ji ana tafi.

Da kowa ya fita, mai wushiryar ta shigar da mu. Ɗakin bai kai kicin ɗina ba, amma ko ina maɓallai ne da ƙananan alluna masu haske, har saman kai. Kyaftin ɗin ɗan gajere ne, kansa fari fat, tabarau na rataye a wuyansa da igiya. Da a hanya na gan shi cewa zan yi hedimasta ne. A kujerar dama akwai mataimakiyarsa, wata matashiya da ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ya tashi da kansa ya zaunar da Auta a kujerarsa, ya tambaye ta me ta gani ta taga. Ta gaya masa. Ya ce da ita ce ke tuƙi me za ta yi? Ta ce abin da ya yi shi za ta yi, sai kuma ta kwashe labarin makaranta duka ta ba shi, har da sunan da aka sa mata.

Na zaci lallashi zai yi, irin na manya. Sai ya nuna mataimakiyarsa ya ce ai ba shi ya ce a fasa ba, ita ce. Shi ke riƙe da jirgin, kuma zuciyarsa ta raya masa zai iya sauke shi. Amma a aikinsu, duk wanda ya ce a fasa, babba ne ko ƙarami, hannu ake kaiwa ba musu, in ya so a yi maganar bayan an sauka. Ya ce kuma ita ce da gaskiya, ya yi mata godiya a gabanmu. Umma, mutumin da ya yi jika da ita! Ni da ko a kan gishirin miya ba na yarda an fi ni gaskiya, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Ya ce kafin kowace sauka sai sun zauna sun shirya yadda za su fasa ta. Ya ce duk shekarunsa a aikin ba a taɓa kiran sa ofis don ya fasa sauka ba, amma ya yi rashin abokai waɗanda suka ji kunyar fasawa. Ya dubi Auta ya ce ɗalibar da za ta koma sama ranar tashinta na farko, duk 'yan ajinsu na kallo, ita yake so ta zauna a gefensa. Mataimakiyar ta ce ita sunan da aka sa mata a makaranta ya fi Shirwa muni, muka yi juyin duniya ta ƙi faɗa. Kyaftin ya ɗora hannun Auta kan sandunan da ake ba inji wuta da su, ya nuna mata ɗan maɓallin da ya danna ɗazu. Ba ta tashi daga kujerar nan ba sai da masu shara suka shigo.

Daga nan muka wuce gida. Da safe na tarar da Auta tana goge fararen rigunan nan, ashe ta taho da su. Amma ta ce ba za ta koma ba sai da yardarki, kuma ba za ta iya roƙon ki ba, don ta ji irin hamdalar da kika yi a waya da ta ce ta bari. Shi ya sa ni nake roƙo a madadinta, ni da na fi kowa zuga ki a kan ta dawo. Na ga 'yarki a inda take da gwaninta, Umma, kuma ban taɓa jin alfahari da wani mutum irin na ranar ba. Wata ya kusa ƙarewa, gurbin ba zai jira ba. Don Allah ki bar ta ta koma.

Ina jiran amsarki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Yayar Auta

* * *

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ya jikin, ya mutanen gida? Mu nan sai godiya.

Auta ta isa makaranta jiya, ta karɓi gurbinta. Ni na raka ta filin jirgi, kuma ban yi faɗa da kowa ba, ki yaba min. Ta ce tana shiga ƙofa mai gadi ya kira ta da sunan nan, ta amsa masa da ƙarfi.

Ina gefenta lokacin da kika kira ta. Na ji yadda kika sa mata albarka murya a sake, har kina tsokanar ta wai ta yi sauri ta gama, ta zo ta ɗauke ki ki ga gajimare da idonki. Ta yi ta tsalle kamar ƙaramar yarinya, ta ce ashe Umma ba ta tsoro kamar yadda muke zato.

Kawu ne ya kira ni daga baya. Ya ce kina ajiye wayar kika shige ɗaki kika rufe ƙofa, yinin ranar ba ki sa komai a bakinki ba. Kada ki yi masa faɗa, ni na matsa masa. Ba zan gaya wa Auta ba, tunda haka kika so.

Na yi ta yabon kyaftin da mutanensa a takardar da ta wuce, kuma har yanzu ina yabon su. Amma su an koya musu, Umma, akwai doka, akwai wani a kujerar gefe. Ke ke kaɗai kika zauna da tsoronki, kika ce ta tafi. Ban san wanda ya kai ki jarumta ba.

Ni ma gabana bai daina faɗuwa ba, kuma ban ga ranar da zai daina ba. Duk ranar da abin ya taso miki kada ki rufe ƙofa. Ki kira ni mu ji tsoron tare, ita kuma mu bar ta ta yi aikinta.

Allah ya saka miki da alheri, ya bar mana ke.

'Yarki mai ƙaunarki,
Yayar Auta