Bindigarka Tana Ɗakin Famfo, Baba

Zuwa ga Baba Alhaji, maigidana, mai gonar dabino a Awali, wanda ke kwance a maƙabartar Baƙi'a.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne Ilu naka, Sarkin Bakan Awali da kewaye. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san hannuna ya fi sabawa da tiyon ban-ruwa.

Dabino ya yi kyau bana, ajwa kamar ta yi magana. Amma ba shi ya sa na ɗau biro ba. Maganar bindigarka ce.

Ka tuna ranar da ka fara miƙa min ita don karnukan da ke tsallako katanga? Na ce maka a garinmu Tasawa kuraye suna jin sunana suke yin ƙaura. Na harba sama, ta watsar da ni cikin kwatar ruwa, ƙafa a sama. Ka yi dariya har rawaninka ya kwance. A nan ka naɗa ni Sarkin Baka.

Da ka gama dariyar ka ce, "Ilu, ruksar da hukuma ta ba ni, wato lasisin bindigar, ta ajiyewa ce, ba ta ɗauka ba. Ta ɗauka daban take. Kai kuwa baƙo ne, ko ɗaya ba za a ba ka ba. Iyakarta ƙofar gona."

Shekara tara ba ta leƙa titi ba. Bakina ne ya yi ta yawo da ita. Duk mai shan shayi a unguwar Harra ya san Ilu na da bindiga. Na ce baki biyu gare ta, na ce na taɓa kayar da kerkeci uku da harsashi guda. Kai ka san ko kurciya ban taɓa samu ba.

To Baba, gari ya canza. Tun da aka fara tashin hankalin nan, an kafa taftish, shingen bincike, a hanya, askarawa suna buɗe bayan kowace mota. Ruksar kuwa da sunanka take, ka tafi da ita.

Shekaranjiya babban ɗanka Fahad ya kira ni a jawwal, wayar hannu. Wai ranar Alhamis bayan la'asar in sa bindigar a ƙarƙashin kwalayen dabino in kai masa Harra, zai gyara takardunta. Na ce ya zo da kansa. Ya ce ba shi da lokaci, mafi mushkila, wai babu matsala. Shi ɗan ƙasa ne, in aka kama shi akwai mai tsaya masa. Ni igamata, takardar zaman ƙasa, ma'aikacin gona ta ce. Kuma wata mai kamawa take ƙarewa, sai da sa hannunsa za a sabunta. Ya tuna min da wannan, cikin sanyin murya.

Jiya kuma a wurin shayi wani da ban sani ba ya ce, kai ne mai bindiga? Na kawo labarin kerkecin. Kowa ya yi dariya, shi bai yi ba. Ya tambayi sunan gonar. Na faɗa masa, Baba. Bakin nan nawa.

Gobe ce Alhamis. Na shafe bindigar da mai, na naɗe ta a tsohon hiraminka, na mai da ita bayan famfo. Har yanzu hiramin yana ƙanshin turarenka. Na daɗe a tsaye riƙe da shi.

Ba zan fita da ita ba. Ka ce ƙofar gona, ƙofar gona ce. In Fahad ya hana sa hannu, Tasawa na nan. In wancan mutumin ya riga shi zuwa, zan nuna masa famfo in faɗi gaskiya, ko da yake ban saba ba.

Allah ya haskaka makwancinka, Babana. Allah ya tausasa zuciyar Fahad, ya sa motarsa ce za ta fara tsayawa a ƙofa.

Naka,
Ilu mai ban-ruwa. Sarautar na ajiye ta bayan famfo.